Alfadarin da ban samu ba

Asabar, Birmingham.

Yayyafi tun asuba, irin nasu na nan da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki. Na leƙa shagon kan kwana sayen madara, sai na lura mai shagon, wani dattijo ɗan Pakistan, ba ya ba da canjin feni 20 sai ya juya kwandalar gaba da baya. Na ce, "Baba, jabu ake kawo maka ne?" Ya yi dariya, ya ce mai kuskure yake farauta.

Ashe a 2008, da aka sauya fasalin sulallan Birtaniya, an ɗauke shekara daga bayan feni 20 aka mayar da ita gefen hoton Sarauniya. Sai a masana'antar Royal Mint da ke Wales aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon na baya, kuɗi suka fito ba shekara ko ta ina. Ba su kai 250,000 ba, kuma sun shige hannun jama'a kafin a farga. Masu tara sulalla na kiran irinsu alfadari, wai uwa daban uba daban. Yanzu guda na kaiwa wajen fam 50. Dattijon ya ce amma sai aibin da aka buga kuɗin da shi; wadda mota ta taka ko aka goge da magagari, feni 20 ɗinta ce kawai. Mu a kasuwar gida, kuɗi ya zo da wata kama daban ai jefo maka abinka za a yi.

Ina dawowa na zazzage gwangwanin canjina a tsakar ɗaki. A ta goma sha ɗaya gabana ya faɗi: gefen Sarauniya wayam, ba shekara! Har na fara lissafin cefane. Ina juyawa sai ga fure da kambi, da 1997 ɓaro-ɓaro. Tsohuwar bugawa ce lafiyayya. Shayina ma ya huce a banza.

Bayan la'asar na kira gida.

"Hajiya, ina kwabban nan masu huji na marigayiya Inna?"

"Kai da ke Ingila, anini kake nema? Ai ƙannenka sun watsar da su wajen wasa."

Ta dai lalubo uku a ƙasan adaka, masu tauraro a baya da rubutun Larabci kewaye da hujin. Na roƙe ta ta duba ko akwai ɗan mitsitsin harafin H, don alamar masana'antar Heaton ce, a nan garin da nake zaune aka buga su aka kai mana ta teku. Ta ce idonta ba zai iya ba, in bari yara su taso daga Islamiyya.