Abin da kayen kiran suna ya koya mini

Shekara tara ke nan ina aikin surbeyan a wani CEG, wato kwalejin gwamnati, nan Yamai, aikina kiran suna da tsaron ƙofa da safe. Da farko wallahi na ɗauka yaron da aka kama da sata mugun iri ne tun daga gida, sai da na yi ta ganin sunayen waɗanda ba su zo aji ba da nike ja ma layi da jan biro su ne nike jin labarinsu a komisariya bayan shekara guda ko biyu.

Akwai wani yaro ɗan aji ukku na kwaleji, shiru-shiru, ya iya lissafi sosai. Ya fara fashin lakkol jefi-jefi, daga baya sati guda cur. Ashe babanshi ya tafi bida Libiya kuɗi sun daina zuwa, shi ke tura baro a kasuwar Katako don a ɗora tukunya. Ni ban tambaya ba, rubutawa kawai nike. Ƙarshen shekara moyen ɗinshi ta faɗi kuma ya riga ya maimaita aji, aka kore shi, ni na miƙa ma uwarshi takardar da hannuna. Ta ce "Mushe, to yanzu ina zan kai shi?" Na ce "Inna, sai haƙuri." Har yau maganar tana ci mini rai.

Wata bakwai tsakani aka kama shi sun fizge salular wata mata bisa babur. Kafin nan zaman fada ne, wato majalisar samari ta bakin titi, dare da rana, shayi, manyan da suka girme shi su aike shi sayen tiramol, ba mai cewa ina ka kwana. Dokarmu ba ta hukunta yaron da bai kai shekara 13 ba, daga nan zuwa 18 alƙalin yara ke shari'arshi, kuma daidai shekarun nan ne muke korarsu daga lakkol.

Kar a ce na ce duk wanda bai samu BEPC ba, wato takardar gama kwaleji, ɓarawo ne, a'a, da yawa suna garaji, wasu ɗinki, wasu kabu-kabu, kuma ga masu BAC zaune ba aiki. Amma yaro in yana lakkol akwai mai kiran sunanshi kullum da safe, in bai amsa ba a sani. Shi ya sa yanzu in yaro ya yi fashin lakkol ukku sai in hau babur bayan la'asar har gidansu, in kuma korar ta zama dole sai mun nema mai wuri a CFM, wato cibiyar koyon sana'a, ko wajen wani maigida mai sana'a kafin takarda ta fita.

Na je ganinshi gidan kaso ɓangaren yara, na kai mai sabulu da ƙuli-ƙuli. Ya sunkuyar da kai ya ce "Mushe, 'yan ajinmu sun ci BEPC?"