Gida Bai Ƙoshi Ba

Shekara 19 ke nan ina aikin katako. Na fara da zarto ɗaya, guduma da tef ɗin awo, a ƙarƙashin rumfar da ba tawa ba. Yau muna da injuna 4 da ma'aikata 11, muna yin ƙofofi, kujeru, tebura da kabad. Ba a lissafa ni cikin masu kuɗi, amma na riƙe abin da ya isa ya nuna min halin kuɗi, ya kuma nuna min nawa halin.

Abin da sana'a ta fara koya min shi ne, ba duk kuɗin da ke hannunka ne naka ba. Idan mutum ya ba ka aikin tebur 40 ya ajiye kafin alƙalami, wannan kuɗin katako ne da gam da ƙusoshi da fenti, kuma gumin yara ne. Riba ba ta fitowa fili sai an kai kaya, an karɓi ciko, an cire haya da wuta da gyaran inji, har da katakon da ya tafi a ɓarɓashi. Na ga kafintocin da suka fi ni iya aiki sun durƙushe a nan, don sun ɗauki ciniki a matsayin riba. Kuɗin da bai nuna ba kamar ɗanyen katako yake: ka shafe shi da fenti ya yi kyau, bayan wata uku ya lanƙwashe, ƙofar ta ƙi rufuwa.

Ni ma na faɗa ramin, ta ƙofar kyauta. A shekarata ta 7 aiki ya buɗe, suna ya fara fita. Aka gayyace ni taron neman gudummawa, na tashi na ba da kuɗi masu kauri, aka kira sunana a lasifika, aka tafa. Daga kafin alƙalamin mutane na ɗiba, ina cewa cikon wani aiki zai shigo in mayar. Bai shigo ba. Ranar biyan albashi na ce wa yara su yi haƙuri zuwa mako mai zuwa. Kowa ya yi shiru. Akwai dattijo a cikinsu, wanda ya girme ni da kusan shekara 20, garin katako ya yi masa fari a gira da gemu. Ya ajiye gudumarsa a kan benci a hankali, ya ce, "Maigida, mun ji labarin alherin da ka yi, Allah ya karɓa. Sai dai ni 'yata ce ba lafiya, da wannan albashin na yi wa mai magani alkawari." Bai ƙara ko kalma ba, ya koma kan aikinsa. A daren nan ban runtsa ba. Washegari na sayar da babur ɗina na biya kowa.

Daga baya, da na karanta tarihin Andrew Carnegie, na ga abin da ya same ni a ƙaramin shago ya samu babba a babban kamfani. An haife shi a Sikotland a 1835, iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka a 1848, ya fara aiki a masaƙa yana yaro. Ya gina daular ƙarfe, ya sayar da ita a 1901 a kan dala miliyan 480, ya gina ɗakunan karatu sama da 2,500. A 1889 ya rubuta cewa abin kunya ne mutum ya mutu da tarin dukiya bai rabar ba. Amma a 1892, a masana'antarsa ta Homestead da ke Pennsylvania, aka nemi rage wa ma'aikata lada, suka ƙi, manajansa Henry Clay Frick ya rufe musu ƙofa ya kawo masu gadi ɗauke da bindigogi, aka rasa rayuka, shi kuwa yana Sikotland. Ba na raina ɗakunan karatun nan, miliyoyin mutane sun amfana. Sai dai mutumin da ya yi awa 12 a gaban wutar narka ƙarfe, yaushe zai samu ƙarfin zama ya buɗe littafi?

Tun daga lokacin na tsara wa kaina yadda kuɗi ke fita. Albashi ne farko, ranar da aka yi alkawari, ko da ni zan kwana ba ko sisi. Sai masu kawo min katako, domin su ma bashin wasu ke kansu. Sai jari da abin gyaran inji. Zakka ba na saka ta a layin kyauta: kashi 2.5 cikin 100 ne idan dukiya ta kai nisabi shekara ta zagayo, haƙƙin masu ita ne, ba gwaninta na yi ba. Abin da ya rage bayan wannan shi ne nawa, daga cikinsa nake bayarwa, kuma ba a lasifika ba. A nan Chuck Feeney ya burge ni. Ba'amurke ne, yana cikin waɗanda suka kafa Duty Free Shoppers, kamfanin shagunan sayar wa matafiya kaya ba haraji, a 1960, ya mayar da hannun jarinsa ga gidauniyarsa a ɓoye, sai a 1997 duniya ta sani. Ya rabar da sama da dala biliyan 8 yana raye, gidauniyar ta rufe a 2020, ya rasu a 2023 yana zaune a gidan haya.

Mutane kan ce min, kai da kanka ka gina kanka. Nakan gode, amma raina ba ya kwanciya da maganar. Wani ya bar ni na zauna a rumfarsa wata 8 bai karɓi haya ba. Wani ya ba ni katako bashi lokacin da ban da abin jingina sai fuskata. Shi kansa Carnegie, wani Kanar James Anderson ne ya buɗe wa yara 'yan ƙwadago ɗakin littattafansa suna ara, shi ya sa da ya samu ya nufi gina ɗakunan karatu.

Nawa ɗakin karatun benci ne. Yaro ya zo bai san yadda ake riƙe zarto ba, ya yi shekara 4 ko 5. Ba yanka da haɗawa kawai nake koya masa ba. Ina zaunar da shi a gaban littafin lissafi ya ga yadda ake fitar da farashin kujera, ya san inda riba take ɓuya. Ranar tafiyarsa ina haɗa masa akwatin kayan aiki, in tura masa aikinsa na farko daga cikin masu ciniki da ni. Abokai sun ce abokan gasa nake haifa wa kaina, kuma gaskiya ne, biyu daga cikinsu sun taɓa karɓe aikin da na nema. Ya yi min zafi kwana biyu, sannan na je na duba aikin, na ga haɗin ƙofofin ya zauna daram.

Na yaye mutum 9 zuwa yanzu. Na goma zai tafi ƙarshen shekarar nan. Akwatinsa na ƙarƙashin teburina, na saka zarto, guduma biyu da tef, saura injin huda katako, wanda nake jira a biya mu cikon wani aikin kabad in saya.