An sallami ƙanena daga aiki, sai kuma me?

Satin jiya ƙanena ya shigo gidanmu na Aboabo a nan Ghana riƙe da takardar sallama, kamfanin da ya yi wa shekara 6 yana aiki sun ce kasuwa ta mutu. Ya zauna a kan benci ko takalmi bai cire ba, ya ce min "Yaya, to kuɗin da ake cire min duk wata fa?" Wallahi sai na rasa bakin magana.

Gaskiyar ita ce SSNIT, hukumar da ake tura wa kuɗin nan, ta fansho ce, ana yankar kashi 5.5 cikin ɗari a albashinka mai kamfani ya ƙara 13, amma idan aiki ya kuɓuce maka kana ɗan shekara 30 ba wanda zai ba ka ko sidi ɗaya da sunan inshorar rashin aiki, sai dai ka jira tsufa ko ka koma wajen ƴan uwa, mu ne inshorar ke nan. A Afirka ta Kudu kuwa ma'aikaci na ba da kashi 1, mai kamfani kashi 1, in an sallame ka a riƙa ba ka wani abu na ƴan watanni.

Mu nan sai shirye-shirye. NABCO, shirin gwamnati na ba waɗanda suka gama manyan makarantu aikin wucin gadi, ta zo a 2018, matasa 100,000, sidi 700 a wata, ta tafi abinta. Ni dai a ganina da an tara ƙaramin asusu mai ɗorewa ya fi.

Yanzu dai gobe da sassafe zan raka shi Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, wajen wani ubangidana, ko Allah zai sa a dace.