Daga Zariya zuwa Jidda ta Kano, na tsallake filin jirgin da ke kusa da gida

Da muka fara maganar kai Hajiyarmu umara ni duk tunanina Kaduna za mu tashi, tunda daga Zariya bai fi kilomita 80 ba, ka yi sallar asuba a gida ka karya kumallo ka kama hanya. Sai da na je wurin ejan ya buɗe min kwamfuta sannan na gane ba haka abin yake ba. Ya ce min yallaɓai in ka dage sai Kaduna to sai dai ku fara hawa jirgin cikin gida zuwa Legas, ku kwashe kaya ku sake awo, ku jira wani jirgin. In Abuja ne akwai jirage da yawa amma wanda ya samo mana da sauƙin kuɗi sai ya sauka Addis Ababa ko Alƙahira an yi tiransit. Na Kano kuwa tashi ɗaya sai Jidda, kusan awa biyar, sai dai tikitinsa ya ɗara sauran.

Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, tsayuwar layi ma wahala take ba ta balle a ce ta yi awa shida ko bakwai a kan kujerar ƙarfe a ƙasar da ba ta jin yarensu. Da na dawo na yi mata bayani ko gama maganar ban yi ba ta ce "ɗan nan ka saya mana wanda ba ya tsayawa, ko nawa ne ƙarin a cire a kuɗin tsaraba." Shi ke nan magana ta ƙare.

Ranar tafiya muka ɗauki shatar mota, muka wuce Tashar Yari, Kwanar Dangora, Kura, hanyar ta ninka ta Kaduna nisa amma wallahi ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba, carbinta kawai take ja. A Kura muka tsaya ta ɗan miƙe ƙafa muka yi azahar.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne mutanen da na tarar a filin jirgin Malam Aminu Kano. Na ɗauka Kanawa ne za su cika wurin, ashe rabin layinmu baƙi ne irina. Ga na Katsina, ga na Gusau, ga wasu mata daga Bauchi, kuma duk garuruwan nan in ka cire Gusau sun daɗe da filin jirgi nasu. Wani dattijo da ke gabana daga Maraɗi ya zo ta Jibiya, na ce Baba ba ku tashi ta Yamai ba? Ya ce Yamai ta fi kilomita 600 daga gidansa, Kano kuwa nan da nan ce, kuma shi tun yana saurayi ta nan yake tashi. Ya ba ni labarin zamanin da jirgin KLM ke tashi daga Kano zuwa Amsterdam, har aka daina a 2012, ya ce tun daga lokacin 'yan kasuwar da ke zuwa Turai suka koma Abuja da Legas, sai ka ga mutum ya baro kasuwar Kwari ta Kano ya kwana a Abuja don jirgin safe. Wato abin da Kano ke yi wa Kaduna a hanyar Saudiyya shi Abuja ke yi wa Kano a hanyar Turai.

Gaskiya abin yana damuna game da Kaduna, don jiharmu ce. Na tuna 2017 da aka rufe titin saukar jirage na Abuja sati shida don gyara aka karkatar da komai Kaduna, filin ya cika ya batse, masu tasi da masu abinci suka samu, amma a cikin manyan kamfanonin waje Ethiopian Airlines ne kaɗai ya yarda ya sauka. Ana buɗe Abuja jama'a suka watse. Ga kuma harin da aka kai filin Kaduna a Maris 2022 wanda ya ƙara tsorata mutane. Kamfani ba zai kawo jirgi ba sai ya ga fasinja, mu fasinjojin kuma mun riga mun saba wucewa Kano ko Abuja, to duk wanda ya duba lissafi sai ya ga kamar ba matafiya a Kaduna da Zariya alhali ga mu nan a layin Kano, an ƙirga mu a matsayin fasinjojin Kano. Ni kaina da nake wannan maganar tikiti biyu na kai can, kuma in za a sake haka zan yi saboda gwiwar Hajiya.

Wani amfanin da ban yi tunaninsa ba sai a wurin shi ne harami. Tunda ba saukar da za a yi a hanya, a nan Kano na yi wanka na ɗaura, na ɗora jallabiya a sama, da aka kusa miƙati aka sanar na cire kawai muka yi niyya. Hajiya an tura ta a keke har bakin jirgi, ta samu kujera kusa da wata 'yar Damagaram suka yi ta hira kamar sun shekara da sanin juna, daga baya barci ya ɗauke su duka.

Da muka sauka Jidda jakunkunanmu biyu suka fito tare, na ajiye Hajiya a kan benci na je neman motar Makka. Ina dawowa na same ta ta riga ta miƙe tsaye da sandarta tana talbiya.