Yadda man dambu ya lalata mini jaka 300

Da na yanke shawarar dambun namana zai daina tafiya a farar leda, ido kawai na bi. Na ga 'yan jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa, irin masu tsayawa da gindinsu, suka burge ni. Na sayi 300 a kasuwar Sabon Gari, na sa aka buga mini sitika, ko gwaji ban yi ba.

Kwana uku kacal mai ya ɓullo ta bayan takardar. Shi dambu ai ba ya rabuwa da mai, ko an bar shi ya kwana yana tsanewa. Yayata ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta ce, "Ke, wannan ai ƙunshin ƙosai ne." Na ji haushi, amma gaskiyarta.

Sai daga baya na gane cewa abin dubawa shi ne cikin jaka. Akwai mai shimfiɗar alminiyam a ciki, ita ke tare mai da iska da haske. Ta fi tsada, kuma ba a ganin kayan, alhali mutanenmu ba sa son sayen abin da ba su gani ba. Shagunan da nake kai wa kaya, mai taga a gaba nake ba su, tunda can kaya ba sa jimawa. Na aike nesa kuwa, rufaffiya. Zif ɗin bakin jaka ma bai isa ba, musamman da damina. Sai na bi da injin liƙe baki.

Sitika ce ta fi wahalar da ni. Ta takarda tana shan mai, rubutu ya dushe. Wani saƙo da na ba direba a tasha zuwa Abuja cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kafin ya isa gam ya saki, rabin sitikun sun naɗe. Na koma ta roba. Nan ma sai zaɓi tsakanin mai sheƙi da marar sheƙi. Marar sheƙi ta fi kamala a ido, ta fi kyau a hoton WhatsApp, amma yatsa mai maiƙo na taɓa ta ya bar tambari. Mai sheƙi ana gogewa ya fita. Ita na ɗauka, duk da zuciyata na wajen ɗayar.

Launi kuma, jan da na gani a waya ruwan goro ya fito a bugu. Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai an buga guda ɗaya na riƙe a hannu. Na kuma rage girman tambarina don a sami wurin nauyi, kayan haɗi, ranar yi da ranar lalacewa, da gurbin lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Yanzu duk sabuwar jaka, biyar nake cikawa. Ɗaya a rana, ɗaya a but ɗin motar maigidana, sauran a hannun yara. Wadda ke but ɗin yau kwananta tara, har yanzu ba ta yi jirwaye ba.