Karen Yaya da zafin Birnin Kebbi

Talata, da daddare.

Yau rana ta buɗe sosai, irin ta watan Afrilu da ma'aunin zafi ke haura 40. Bayan azahar na leƙa gidan Yaya, na tarar da karen nan nasa, golden retriever, kwance gindin darbejiya, harshe a waje, sai haki yake. Wallahi ya ba ni tausayi.

Don gadi Yaya ya sayo shi, alhali wannan kare bai san gadi ba. Ko baƙo ya shigo, da kaɗa wutsiya yake tarbarsa. Asalin irinsa daga Sukotland ne, ƙasar sanyi, inda aka fara samar da shi a 1868 don ya riƙa ɗauko wa maharba tsuntsayen da suka harbo, ko da cikin ruwa suka faɗa. Shi ya sa ba ya datse abu da ƙarfi. Autar gidan ta jefa masa silifas ɗinta, ya maido mata ko shatin haƙori babu. Yaran sun shaƙu da shi matuƙa, Hajiya dai ta kafa doka: tsakar gida ne iyakarsa, ban da ɗaki.

Yaya ya ce gobe zai sa a aske shi ƙwal. Na ce, "Yaya, don Allah a bar masa gashinsa." Gashin nan hawa biyu ne, kuma shi ke tare wa fatarsa rana. Taza yake buƙata a kai a kai, da inuwa, da ruwan sha mai sanyi. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi. Muka cika masa baho, kafin a ce me ya faɗa ciki.

Da na ɗaga kunnensa sai ga kaska ta lafe. Kunnuwan a rufe suke, danshi na taruwa, ciwo bai da wuyar kama su. Ga ƙiba ta fara, don duk sauran tuwon gidan shi ake juye wa, kuma irinsu suna yawan fama da ciwon ƙugu. Dabbar da za ta yi shekara 10 zuwa 12 a hannunka ai amana ce, na faɗa wa Yaya haka.

Mun tsayar da magana: yawo sai bayan asuba, kafin kwalta ta ɗau zafi. Ran Alhamis kuma ni zan kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, a ba mu maganin kaska.