Shafin da ya ɓata mini kimono

Mahaifina tela ne, a gindin kekensa na tashi. Shi ya sa da karatun maigidana ya kai mu birnin Kyoto a Japan, ban yi wata uku ba na nemi inda ake koyar da ɗinkin hannu na kimono, rigar gargajiyar ƙasar, ɗinkin da Japanawa ke kira wasai. Na dace da wata dattijuwa mai koyarwa a ɗakinta, mu huɗu a durƙushe a kan tabarmar tatami. Sensei muke ce mata, wato Malama.

Na fara da yukata, rigar auduga marar shafi, ban sha wuya ba. Da muka zo kan awase, kimono mai shafi wanda ake sawa daga Oktoba zuwa Mayu, a nan na gane da sauran aiki. Yadin kimono a naɗe yake zuwa, faɗinsa bai kai santimita 40 ba, tsawonsa kusan mita 12, a yanka shi gida takwas. Awase kuwa riga biyu ce: a ɗinka ta waje daban, a ɗinka shafin daban, sannan a haɗa su a kame ɗinki kan ɗinki ta ciki.

Ta wajen na ba ta hakkinta, kowane sukan allura sai na duba. Shafin kuwa na yi masa gaggawa, don a raina ba wanda zai gan shi. Ina ja zaren da ƙarfi ban lura ba, har ya ɗan tsuke. Ranar da muka rataye rigar, sai ga yadin waje ya yi tumbi a ƙasa, sama kaɗan da bakin kalmasa, kamar an cusa masa iska. Su ma suna da sunan wannan aibi, fukuro, wato jaka. Zuciyata ta yanke. Na ɗauko ƙarfen guga ina danna wurin, ina miƙarwa, ina sakinsa yana komawa.

Malama ta bar ni na yi ta yi. Can ta karɓi rigar ta juya ta, ta bi ɗinkin shafin da ɗan yatsa har inda zaren ya ɗame, ta ce, "Nan ne ciwon yake." Sai ta jawo takarda ta rubuta harafi huɗu, 表裏一体, ta karanta mini: hyōri ittai. Na farko fuska ne, na biyu baya ko ciki, biyun ƙarshe kuma "jiki ɗaya". Japanawa na faɗin haka a kan abu biyu da ake gani kamar kishiyoyi alhali ba sa rabuwa, kamar so da ƙi, ko riba da kasada. Na kawo mata namu na jini da hanta, ta ji daɗinsa, amma daga baya na ga ba daidai suke ba. Jini da hanta aminai ne tun asali. Nasu kuwa kan waɗanda suka juya wa juna baya yake magana, kuma duk da haka idan ɗaya ya motsa sai ya ja ɗayan.

Mako biyu na yi ina warwarewa ina sake ɗinki. A nan na koyi auna shafi da yadin waje tare, na daina ɗaukar kowanne shi kaɗai, na kuma koyi sassauta zare da ɗan yatsa bayan kowane taƙi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne fuki: ana barin 'yan milimita na shafin su leƙo a bakin rigar da gangan, domin shi zai riƙa gogar ƙasa, ya ƙare a madadin yadi mai tsada.

Malama ta taɓa fito mana da wata tsohuwar haori, 'yar rigar da ake ɗorawa a sama. Baƙa ce wuluk, amma cikinta zanen tsauni ne da igiyar ruwa. Ta ce a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, hukuma ta sha hana 'yan kasuwa sa kayan alfarma, sai suka mayar da adon cikin riga, inda sai sun tuɓe za a gani. Ina riƙe da ita na tuna mahaifina yana ɗora shafi a hannun babbar riga, wanda ba ya fitowa sai mai rigar ya naɗe ta bisa kafaɗa, kuma yakan ɓata yini guda a kansa.

Daren da na gama na kira shi a waya, na ɗaga masa rigar ya gani. Ya dube ta jim kaɗan, ya ce, "Madalla. Juya mini cikin in gani." Na ce, "To, Baba," na juya.